Shekarun da nayi a bayan keken Yayana

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina son rubuta wannan abun amma kullum sai ince bari sai Yaya ya sauka daga kujera tukunna kar ace kamfen nake masa, toh yanzu ya sauka, na kuma tambayeshi yace in rubuta amma kar in sa sunansa. Yayana ne uwa ɗaya uba ɗaya. Yayi kansila, yayi ɗan majalisar dokokin jiha zango biyu, kuma duk a kan keken guragu yayi su. Ni ne a bayan keken a yawancin shekarun nan, don haka abinda zan faɗa ganau ne ni ba jiyau ba.

Ba haka aka haifeshi ba. Malamin makaranta ne, dogo mai saurin tafiya. Hatsarin mota ya rutsa dashi yana dawowa daga taron ƙungiyar malamai, ƙashin bayansa ya karye lakar ta taɓu, daga ƙugu zuwa ƙasa ya daina ji gaba ɗaya. Ni lokacin na gama sakandare kenan ina zaman jiran sakamako sai jinyar ta faɗo kaina, kuma a nan asibitin na koyi cewa mutumin da baya jin rabin jikinsa babban abokin gabarsa gyambo ne. Ni da kai in mun daɗe a zaune jiki ne yake sa mu gyara zama bamu ma sani ba, shi kuwa babu mai faɗa masa, sai jini ya daina zagawa a inda ƙashi ya danne fata, wajen yayi ja, in ka danna da yatsa jan bai baje ba toh matsala ta fara. Shiyasa aka koya masa duk bayan minti 15 zuwa 30 ya dafa hannun keken ya ɗaga jikinsa ko ya karkata gefe, da dare kuma a duba da madubi. Ga robar fitsari da ake sawa duk bayan awa 4 zuwa 6. Duk siyasar da yayi daga baya da wannan lissafin a kansa yayi ta, mutane dai basa gani.

Siyasar ma ba nemanta yayi ba da farko. Da aka sallamoshi ya zama kullum yana gida, sai mutane suka gane akwai mai ilimi da in kaje zaka sameshi kuma bazai ce maka yana sauri ba. Wannan yazo a rubuta masa takardar koke, wancan a duba masa takardun fansho, wasu kuma rigimar fili ce suke so a sasanta. Zai zauna ya saurari mutum har ya gama, ya tambayeshi abinda bai gane ba, ya rubuta a littafi, bayan sati biyu ya aikeni in tambayo ko an dace. Su ɗin nan ne suka taru suka ce Malam ka fito kansila.

Rigimar farko akan fosta aka yi ta. Masu bashi shawara suka ce a yanke hoton daga ƙirji, keken kar ya fito. Akwai wani a cikinsu mai karance-karance, ya kawo misalin Roosevelt na Amurka, wanda ciwo ya shanye masa ƙafafu a 1921, yaci gwamnan Niyok a 1928 sannan shugaban ƙasa a 1932, amma da ƙyar zaka samu hotonsa a kan keke sabida ɓoyewa ake yi. Yaya yace ai ya san labarin, ya kuma san sai da nakasassun Amurka suka yi ta fafutuka kafin a 2001 aka ƙara mutum-mutuminsa zaune a kan keke a wajen tunawa dashi a Washinton. Yace "ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mutanen da zan nemi ƙuri'arsu su suka zo dubani a asibiti, wa zan ɓoyewa?" Haka aka buga fostar da keken har taya.

Ɓangaren adawa kuwa basu raga masa ba. A kan dandamali wani ya ɗauki makirfo yace wanda bai iya tsayawa da ƙafarsa ba ta yaya zai tsayawa jama'a, aka yi ta shewa. Wallahi ranar jikina rawa yake, na so in tara yara muje. Yaya ya hanani. Washegari a namu taron bai ambaci sunan mutumin ba, sai ya buɗe littafinsa ya fara karanto matsalolin da aka kawo masa da inda kowacce ta kwana, yana kiran unguwa unguwa, mutane suna amsawa daga cikin taro cewa gaskiya ne ni ne, ni ce. Yaci zaɓen. Zangon kansilan ba zan daɗe a kansa ba, aiki ne na kwalbati da rufin aji da bin fayil daga ofis zuwa ofis, yayi iya yinsa.

Wajen neman majalisar jiha ne na gane abinda har yau yake cin raina. Mutane suna ɗauka matsalar ɗan siyasa mai keke ita ce masu zaɓe. A abinda na gani masu zaɓe sun fi kowa sauƙi, in sun san ka sun san aikinka zasu manta da keken. Matsalar tana inda ake yanke shawara, kuma ba a zauren taro ake yanke shawarar siyasa ba, a falon wani babba ake yi da tsakar dare, falon nan kuma kusan kullum a saman bene yake.

Bazan manta wani dare ba ana saura kwanaki a yi firamare, wato zaɓen fidda gwani. Aka kira ƴan takara gidan wani jigon jam'iyya, muka isa aka ce ana sama. Matakalar siririya ce ga kwana a tsakiya. Aka kira samari huɗu su ɗaukeshi da keken, ina ta ce musu ku kama ƙarfen jikin keken, kar ku kama inda yake ɗora hannu ko inda yake ɗora ƙafa don waɗannan cirewa suke, amma kowa na sauri ba mai saurarena. Muna kai kwanar nan ɗaya ya ja hannun keken ya fita fit, keken ya karkace, Yaya ya rungumo wuyan na kusa dashi, ni na tokare da kafaɗata daga baya har aka daidaita. Takalminsa na hagu ya faɗi ƙasa bai ma sani ba tunda baya jin ƙafar. Haka aka shigar dashi falon, gumi ya jiƙa shi, ƙafa ɗaya ba takalmi, kowa yana sannu Malam, sannu, Allah sarki. Abokan takararsa suna zaune tsaf sun harɗe ƙafa. Sai maigidan yace, kuma na tabbata da zuciya ɗaya ya faɗa, "haba Malam, ai da ka zauna a ƙasa mun sauko mun faɗa maka abinda aka yanke."

A mota muna komawa bai ce komai ba sai can yace "ƙanina, kaji abinda Alhaji yace? Abinda aka yanke." Nace naji Yaya. Yace "mutumin da aka shigo dashi a hannu ana masa sannu ba ya ciniki da kowa."

Bai samu tikitin ba a wannan karon. Amma daga ranar ya canza salo gaba ɗaya. Ya daina jiran a kirashi, ya fara bin deliget ɗaya bayan ɗaya har ƙofar gidajensu tun zaɓe yana da nisa, ya kama ofis a ƙasa mai ƙofa mai faɗi ya riƙa cewa duk mitin ɗin da ake so dashi ga waje nan kyauta. A yawon nan na ƙware a aikina. Keken shi yake tura abinsa, hannayensa sun fi nawa ƙarfi, kuma ba abinda ya tsana kamar mutum ya kama keken daga baya ya fara turawa bai tambayeshi ba, yakan ce kamar a kamo wuyan rigarka ne a ja ka. Nawa aikin sai inda hanya ta ƙi. In rairayi ne ƙananan tayoyin gaba nutsewa suke, sai in taka ƙarfen baya in ɗaga gaban mu tafi a kan manyan tayoyi. In tudu ɗaya ne a hau ta gaba, a sauka da baya. In mota ce akwai wani katako mai santsi da muke sawa tsakanin keken da kujerar ya zame a kai, ni in naɗe keken in sa a but. Zagaye na gaba yaci firamare yaci babban zaɓe.

Ranar rantsuwa ta ƙofar baya muka shiga, inda ake shigo da kaya, don ƙofar gaba matakala ce. Cikin zauren kuma kujerun hawa-hawa suke, tashi kujerar tana can sama, sai aka cire wata a layin gaba aka sa shi a gefe. Sannan ga ƙa'idar majalisa, in kana son magana sai ka miƙe tsaye kakaki ya ganka ya baka dama. Makonnin farko Yaya yana ɗaga hannu, mutum biyar sun miƙe sun tareshi, har a rufe muhawara bai ce uffan ba. Bai yi fushi a fili ba. Ya rubuta gyaran ƙa'ida na layi biyu cewa ɗaga hannu ya wadatar ga memban da baya iya tsayawa, ya bi abokan aikinsa ɗaya ɗaya harda na adawa, aka amince ba gardama. Ni ba a barina in shiga zauren tunda ba memba bane, daga wajen ƴan kallo nake hangensa, ina ganin lokacin da yake dafa hannun keken ya ɗaga jikinsa na ɗan lokaci yana cigaba da sauraro kamar ba komai.

Abinda bai taɓa faɗa wa kowa ba sai daga baya shi ne banɗaki. Duk ginin babu ƙofar banɗakin da keken zai shiga. Sai ya zama in akwai zama tun asuba yake daina shan ruwa har a tashi, mai irin lalurarsa kuwa rashin shan ruwa ciwon mafitsara yake jawowa, kuma ya jawo, zazzaɓi ya riƙa kayar dashi akai akai. Matarsa ce ta gano, ta sameni tace "kai ma ka sani kayi shiru?" Ita ta matsa masa har ya rubuta wa kakaki, aka fasa bango ɗaya aka faɗaɗa ƙofa. Aikin da bai kai sati ba.

Da aka zo rabon kwamitoci kowa ya ɗauka na jin daɗin jama'a da nakasassu za a bashi shikenan. Yace zai zauna a wannan a matsayin memba, amma shi kwamitin ayyuka yake so, sabida mutanen mazaɓarsa hanya da asibiti da makaranta suka aiko shi nema kamar kowa, kuma a kwamitin ayyuka ne ake duba zanen gini kafin a zuba siminti. Ya samu. Ya sayi tef ɗin awo ya bani, duk inda muka je duba aiki ni ke awo shi ke rubutawa. Ƙa'idar hanyar keke mai gangara a duniya sananniya ce, duk tsayin santimita 1 sai a bashi tsawon santimita 12, wato in dandamalin ginin ya kai mita 1 daga ƙasa gangarar sai ta kai mita 12, banda wajen hutawa a tsakiya. Mun je wani sabon asibiti ɗan kwangila yana ta murna yana nuna mana ai Honarabul mun yi muku hanya, muka auna tsayi mita 1 tsawo bai kai mita 4 ba, ga tayil mai santsi a kai. Yaya yace a kawo masa kujera, ya zame ya koma kanta, yace wa ɗan kwangilan "ranka ya daɗe, bismillah ga keken, hau ka gwada." Mutumin ya zauna ya tura, bai kai rabi ba keken ya fara ɗaga gaba zai kifar dashi ta baya sai da na tare. Ba a sa hannu a takardar biyansa ba sai da ya fasa ya sake.

Ƙudirin dokar nakasassu na jiha shi ya kawo, kuma yasha wuya a kai. Yakan kafa hujja da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 wadda sashe na 29 nata yake magana kan haƙƙin zaɓe da na tsayawa takara, da dokar Amurka ta 1990, da ta tarayyar Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2019 wadda ta bada wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a ta kuma ware kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Yakan tuna musu cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 1.3 ne, kashi 16 cikin 100 na mutanen duniya, suke da nakasa mai tsanani, don haka ba wasu ƴan tsiraru ake wa alfarma ba. Da labarin Karine Elharrar ya fito a Nuwamban 2021, ministar makamashin Isra'ila ta lokacin da ta kasa shiga taron sauyin yanayi a Gilasgo sabida kekenta har sai da firaministan Birtaniya na lokacin Boris Johnson ya bata haƙuri, Yaya ya karanta shi a zauren yace in minista zata tsaya a waje a ƙasar Turawa toh ku auna yarinyar da zata je rubuta jarabawa a bene na biyu. Dokar ta wuce a zangonsa na biyu bayan an rage mata wasu sassa, musamman na cin tara, abinda har yau yake masa ciwo.

Kar a ɗauka kuma ƴan uwansa nakasassu kullum tafi suke masa. Sun sha zuwa ofis su zazzage shi, kurame suce ya manta dasu babu mai fassarar hannu a zaman jin ra'ayin jama'a, makafi suce doka duk ta zama ta masu keke. Ya saurara, kuma an gyara wasu sassan sabida su. Shi da kansa yakan ce zama a keke baya sa mutum ya zama mai kare nakasassu kai tsaye, ya kawo misalin Greg Abbott gwamnan Teksas, wanda bishiya ta faɗo masa yana gudun motsa jiki a 1984 yana ɗan shekara 26, ya hau gwamna a 2015 aka kuma sake zaɓensa a 2018 da 2022, amma ƙungiyoyin nakasassun can sun sha sukarsa cewa lokacin yana babban lauyan jihar ofishinsa ya riƙa tare ƙararrakin da nakasassu suka shigar da jihar. Kan maganar ware kujeru kuwa, irin na Yuganda da take da kujeru 5 na nakasassu a majalisar ƙasa, yana goyon baya, amma yace kar hakan ya zama dalilin da jam'iyyu zasu ce wa mai keke ga taku can ka bar mana wannan.

Duk da muƙamin nan, wata rana mun fito daga wani ofis na barshi a bakin ƙofa naje ɗauko mota, na dawo na tarar wani bawan Allah ya ajiye masa sadaka a cinya ya wuce. Yana ɗan majalisa mai ci a lokacin. Ya kira mutumin ya dawo, ya gode masa, ya mayar masa da abinsa, ya tambayi sunansa da sana'arsa suka ɗan yi hira. Ni ne na kasa cewa komai har muka isa gida.

Kamfen ɗin zango na biyu shi ya kusa tafiya dashi. Zama a mota daga safe har dare a hanya mai gargada, ga zafi, jikinsa kuma daga ƙugu baya daidaita zafi kamar namu. Wani ɗan ja ya fito, yace a bari sai bayan zaɓe, kafin kace me ya buɗe ya zama gyambo. Likita yace ba zama kwata kwata, sai kwanciya rub da ciki na makonni. Ƴan adawa suka baza cewa yana gargarar mutuwa. Daga kan gadon nan yayi sauran kamfen ɗin, waya biyu a gabansa, ni da matarsa muna yawo da lasifika muna sa muryarsa a taro, yana kiran mutane da sunayensu yana tambayar ya jikin wane, ya aikin kwalbatin nan. Yaci, da ƙuri'a ƙasa da ta farko amma yaci.

A ganina ya cancanci fiye da inda ya tsaya. An sha maganar bashi shugaban masu rinjaye, sai a wayi gari an yanke a wani falon sama da ba a kirashi ba, daga baya a ce ai an tausaya masa ne kar a wahalar dashi. Wannan tausayin ya cuceshi fiye da zagin da aka masa a dandamali, don zagin ya samu damar amsawa.

Da zango na biyu ya ƙare bai sake nema ba. Kafaɗunsa sun gaji, shekaru ana tura keke ana ɗaga jiki dasu, likita kuma ya gargaɗeshi kan ƙoda. Yanzu akwai wata yarinya da shan inna ya taɓa tun tana ƙarama, ta gama jami'a tana son fitowa kansila, kusan kullum tana ofishinsa yana koya mata yadda ake karanta kasafin kuɗi da yadda ake bin deliget, ya kuma ce mata tun yanzu duk wanda ya kirata mitin ta tambayeshi a ƙasa ne ko a sama kafin ta fito daga gida. Hukumar da dokarsa ta kafa an naɗa mata shugabanni amma kuɗin aiki basa fita, don haka sati mai zuwa da za a yi zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafi yace zai je yayi magana a matsayinsa na ɗan jiha kawai. Ni aiki ya ɗaukeni zuwa wani gari, babban ɗansa ne zai kaishi. Jiya da dare ya kirani yana tambayar inda na ajiye tef ɗin awon da littafin da muka rubuta awon gine-gine, wai yana so ya karanto musu waɗanda har yanzu ba a gyara ba.